Hanifa da Tsohuwar Gidan Maƙwabta

A Argungu aka haifi Hanifa, kusa da bakin gulbi. Tun tana ƙarama take da in'ina, kalma kan maƙale mata har sai ta runtse ido kafin ta fito. A can kowa ya saba da ita. Tana shekara tara aiki ya dawo da mahaifinta, Malam Ummaru, Birnin Kebbi, suka kama gida a unguwar Gesse, inda kowane gida da katangarsa da ƙofar ƙarfe a rufe.

Ranar farko a sabuwar makaranta aka tambaye ta sunanta, ta tsaya a kan "Ha" har ajin ya fashe da dariya. Daga nan ta yi shiru. Zango guda sai dai ta ɗaga kai ko ta girgiza shi. In an fita tara, ita kaɗai take cin ƙosanta a bayan aji.

Wata Juma'a mahaifiyarta ta aike ta da tuwon shinkafa gidan maƙwabta, wurin Inna Laure, tsohuwar da idonta ya daina gani, wadda ke wuni ita kaɗai in ɗanta ya tafi kasuwa. Hanifa ta ajiye kwanon za ta juya, tsohuwar ta tambayi ko wane ne. Ɗaga kai ba zai yi ba a nan. Ta daɗe tana fama da sunan. Inna Laure ba ta ƙarasa mata ba, ta jira kawai.

"Zauna, ɗiyata. Mi kig gani a hanya?"

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai Hanifa ta je ta faɗa mata abin da ta gani: akuyar da ta hau bisa bulo, mai babur ɗauke da buhun albasa uku. Daga baya har labarin masunta da gorunansu ta ba ta.

Da damina ta faɗi, aka mayar da tsohuwar garin Augie wurin 'yarta. Hanifa ta dawo daga makaranta ta tarar da ƙofar gidan da kwaɗo. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

A satin ne malama ta tambayi wanda ya taɓa shiga kwalekwale. Hanifa ta miƙe ta fara ba da labarin shigarta kwalekwale a gulbin Argungu. Ta maƙale sau huɗu, yara biyu suka yi dariya, ta ci gaba har ta kai ƙarshe. Da aka tashi, wata yarinya mai suna Munira ta biyo ta, tana tambaya ko ruwan yana da zurfi.