Neman Mama a Kakau

Ana sallame sallar asuba muka fita daga Zariya, ni da ƙanwata, da sabon littafi da biro biyu a jaka. Ko karyawa ban yi ba. Kwana huɗu ke nan da aka sace min shafin da nake tallar yaji da dakakken kayan miya a intanet, kuma ɓarawon bai rufe shi ba, ci gaba ya yi da ciniki da sunana da hotunana. Har sanarwar rangwame ya sa, wai a turo kuɗi tukuna kafin kaya. Yawancin masu sayena a kudancin Kaduna suke, amma ko lambar mutum ɗaya ban adana ba. Yadda na saba shi ne in kwafo lamba daga cikin hirar shafin, in rubuta a jikin kwali, in miƙa wa direba a tasha. Kwali ya tafi, lamba ta bi shi.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Mama ta Kakau. Shekara huɗu tana sayen yajina saboda rumfar abincinta, kuma a saƙonta na ƙarshe ta ce an kusa ɗaura auren 'yarta a cocinsu, in shirya mata kaya masu yawa. Na san halinta, ba ta taya kaya, ba ta yawan tambaya. In ta ga sanarwar nan, kuɗin bikin za ta tura wa ɓarawo tana sa min albarka.

Kuɗin mota ya ƙaru, direba kuma sai da ya cusa mu huɗu a baya. Duk inda ya tsaya ɗaukar fasinja sai in ji kamar in sauka in tura motar. Ƙanwata ce ta kawo shawarar littafin, mu rubuta sunan kowane mai saye da imel ɗinsa. Ta ce shafi rumfar haya ce, ran da aka ga dama a tashe ki, lambar waya ma ana canzawa, amma imel ɗin mutum yana daɗewa tare da shi. Na ce mata wannan wa'azin da bara ta yi shi da ya fi lada.

Daga Kawo muka shiga bas, muka ƙetare gada, muka sauka Makera rana ba ta yi zafi ba. Ga tsofaffin masaƙun Kakuri can a rufe, ciyawa ta cinye harabarsu, amma bakin titi cike yake da masu walda da masu shayi da mata masu suyar ƙosai. Gida ɗaya na sani a unguwar, na wata Hajiya mai sayen daddawata, domin na taɓa zuwa sunan jikarta. Tana jin abin da ya faru ta riƙe haɓa. Da na ce ta ba ni imel ɗinta sai ta ce, "Wanne? Wannan da mai shago ya buɗe min ran da na sayi waya? Ai na ɗauka na wayar ne, ba nawa ba." Ƙanwata ta tono shi daga cikin wayar, ashe da sunan ƙungiyar ƙwallon mai shagon aka buɗe.

Hajiya ba ta tsaya nan ba. Ta aika gida-gida, kafin azahar tsakar gidanta ya cika da mata, kowa da wayarta a hannu. Wasu na san muryarsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Aka kawo waina da miyar taushe, na ci biyu a tsaye. Na tambayi kowa ko ta san Mama ta Kakau, babu wadda ta sani.

A unguwar Nasarawa mun sami wasu bakwai ta hannun wata tela da Hajiya ta haɗa mu da ita. Lungunan matsattsu ne, keke da babur suna rige-rigen wucewa, kwatance kuwa duk iri ɗaya: bayan injin niƙa, kusa da mai cajin waya. Wata malamar asibiti ta nuna min ta riga ta rubuta wa shafin tana tambayar farashi, ɓarawon har ya amsa mata da irin gaisuwata. Na ce wa ƙanwata mu tafi Kakau yanzu.

Hanyar Abuja manyan motoci sun cika ta, mai keken da muka hau kuma ya ninka kuɗi saboda ya ga muna sauri. Kakau gari ne na manoma, bakin hanya an jibge masara da doya da rake, komai ya fi Zariya araha, amma ko tayawa ban yi ba. Na tunkari masu babur na mahaɗar da direba ke sauke wa Mama kaya, na ce Mama mai abinci nake nema. Ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Wace Mama, madam? Mama plenty for here. Meye sunanta?"

Ni kuwa ban san sunanta ba. A gidanmu ba a tambayar babba sunansa. Ran farko ta ce min 'yata, na ce mata Mama, muka tafi a haka shekara huɗu. A shafinta ma wata addu'a ce da Turanci a gurbin suna, hotonta kuwa fure.

Rumfa tara muka shiga. Kowace sai in ce a ɗan zuba min yaji, in ɗanɗana ko nawa ne, har harshena ya daina gane komai. Mata biyu sun ce suna da biki a gaba, amma ba su taɓa jin labarina ba. Wani dattijo ya yi alkawarin zai sa a yi cigiya a cocinsu ran Lahadi, ya kuma ce coci-coci a yankin suna da yawa. Da la'asar ta yi sanyi ƙanwata ta ja hannuna, na bi ta ba don na so ba.

Mun iso gida bayan isha'i, da suna ashirin da shida a littafi, kowanne da imel da lambar waya. Ku ne mutum ashirin da shidan, kuma wannan ita ce wasiƙata ta farko gare ku. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, duk yawan mabiyan da nake taƙama da su, wanda ban san ta inda zan same shi ba in shafi ya faɗi, ba nawa ba ne. Daga yau kwali ba zai fita ba sai na rubuta mai shi.

Amma Mama ban same ta ba, kuma raina bai kwanta ba. Don Allah ku tura wasiƙar nan ga duk wanda kuka sani a Kakau. In an dace da mai abincin da za ta aurar da 'yarta, a ce mata 'yarta ta Zariya ta zo har garinsu, kada ta tura wa shafin nan ko sisi. Sannan a tambayar min sunanta, don ni ko yanzu aka haɗa mu, nauyin tambayar zan ji.