Ƙwayar da Alhaji Bello ya miƙo mini

Salamu alaikum, mutanen unguwarmu ta Brik da na nesa. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har na ji wasu sun fara haɗa sunana da "Allah ya jiƙansa". Na gode, amma ku adana mini ita tukuna. Ku gyara zama.

Kun san ni da tukubar tsire. Itacen gashi kuwa ni nake shiga ƙauyukan kurmi in saro, tun gemuna yana baƙi. A can akwai wani jan ƙuda mai son hayaƙi, cizonsa kamar allura. Mukan kaɗe shi mu ci gaba da lodi.

Da ƙaiƙayi abin ya fara. Sai kumburi, yau a bayan hannu, jibi ya ƙaura gwiwa. Wata rana matata Hajiya Ladi ta dube ni ta saki ludayi: "Malam, zare yana tafiya a idonka!" Kafin a kawo madubi ya shige. Tsutsa ce da cizon ƙudan nan yake sa wa mutum, a nan filer ake ce mata. Na ce tunda ba ta hana ni tuwo ba, mu zauna lafiya.

Sai korona ta zo. Ciniki ya mutu, kowa da maganin da ya jiyo. Muna zaune bayan la'asar, aminina Alhaji Bello, wanda nake sarin nama a wurinsa a kasuwar Etoudi, ya kwance wani ƙulli.

"Maganin filer ne, amma an ce korona ba ta kusantar wanda ya sha. Da ƙyar na samu, na ajiye maka naka."

Kun san mu. Magani a majalisa kamar goro yake, in aboki ya miƙo ba a tambayar wa ya rubuta. Na yi bismilla na kora da shayi.

Washegari zazzaɓi, gaɓoɓi kamar an daka. Kafin Juma'a ƙafa ta ƙi ɗaukata, ido ya yi jajir, fitsari yana zuwa ba sallama.

Sannan harshe ya mutu. Ina ji sama-sama, ba na iya amsawa.

A haka na ji ƙanena Sani yana cewa, "Hajiya, in aka kai shi can suka ce korona ce, ba wanka ba likkafani. A leda za su rufe shi."

"Ka gama masa jana'iza ke nan, Sani? Mutum yana numfashi!"

"In tafiyar ce, ya tafi a ɗakinsa."

Ni kuwa a zuci ina bayan Sani. Ledar nan ta fi mutuwar ba ni tsoro. Da ina da baki da na hana. Allah ya sa ba ni da shi. Hajiya ta yafa mayafi ta je ta tsayar da taksi da kanta.

A asibiti aka zura mini tsinke a hanci: ba korona. Aka duba zazzaɓin sauro: ba shi. Aka ɗaura ruwa, aka sa roba ta hanci ana ɗura kunu. Kowane awo da kuɗinsa, har babur ɗina ya tafi, ba a san abin da ke cina ba.

Sai aka kira wata likita daga jami'a, cikin masu binciken filer. Ta zo da ɗalibanta, ta buɗe idona ta duba.

"Mama, me ya sha kafin ya kwanta?"

Hajiya ta ce ba ta sani ba. Ni na sani, ina ta kiran sunan a cikina. Can daga bakin ƙofa na ji muryar Bello: "Dokta, ni na ba shi."

Likita ta ce a jira tsakar rana a ɗebi jini, don lokacin 'ya'yan tsutsar suke fitowa. Hajiya ta leƙa na'urar duba jinin, ta ce kamar taliya mai rai.

Likita ta ce maganin mai kyau ne, ya ceci idanun mutane da yawa. Amma wanda tsutsar ta cika wa jini, in ya sha sai tsutsotsin su mutu gaba ɗaya, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Aikin su likitar ke nan, neman hanyar gwada mutum kafin a ba shi.

"Zai tashi?" in ji Hajiya.

"Ba ni da allurar da za ta tashe shi. Ku riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ku ciyar da shi, mu jira."

Sani ne ya yi juyin, safe da yamma, yana roƙona gafara a kunne.

An ce maganata ta farko ita ce, "Ladi, kunun ba sukari." Ta zage ni tana kuka.

Yanzu ina takawa da sanda, harshe yana ɗan nauyi, abokan gardamata sun huta. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Hajiya, da Sani, da likitar nan da ɗalibanta.

Shawarata: in kana shiga kurmi, ko ka taɓa ganin zare a ido, ka je a auna jininka da rana kafin ka sha maganin filer. Mutum ya daina magana, a kai shi asibiti, a tafi da takardar abin da ya sha.

Bello kunya ta hana shi zuwa gidana, sai ni na dogara sanda na same shi a Etoudi. Ya sa hannu a aljihu, ya tsaya.

Na ce, "In goro ne, miƙo."