Minti Biyun da Aka Ba Maigidana

Maigidana ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙa tasi a birnin New York kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki. Harshensa ya yi nauyi, amma tunaninsa bai taɓu ba. Mutum ne mai son jarida da rediyo, yana gardama da su kamar suna jinsa. Ni kuwa a ɗakin girkin wata makarantar firamare nake aiki, in fita da sassafe, in dawo bayan la'asar. Ban yi nisa a boko ba. Abin da zan faɗa a nan, abin da na gani ne da abin da na ji.

Tsakanin fitata da dawowata, wata mata ce ke zama da shi a gidanmu na unguwar Soundview. Gwamnati ce ke biyan ta, a ƙarƙashin shirin kula da marasa lafiya a gidajensu. 'Yar zangon Kumasi ce, muna ce mata Hajiya. Mu Kiristoci ne daga wajen Zariya, ita Musulma, Hausa ta haɗa mu. Ita ke yi masa wanka, ta riƙa juya shi a kan gado kada bayansa ya yi gyambo, ta ba shi abinci da cokali. In azahar ta yi, shi ne ke tuna mata.

"Hajiya, kin bar Allah yana jira."

"Baaba, Allah ya fi ka haƙuri. Buɗe baki."

Wata rana takarda ta zo. Ana shawarar a rage awannin masu zuwa gida, a ba kowane iyali ɗan wani abu a hannu, su je su nemi kamfanin da ya yi musu da kansu. Jami'ar da ke duba lamarinmu ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. In aka rage awannin Hajiya, ni kuma ba zan iya barin aiki ba, 'ya'yanmu biyu suna wasu jihohi da nasu nauyin, to ba za a bar shi shi kaɗai a gida ba. Gidan tsofaffi za a kai shi.

Ya sha kai fasinjoji irin waɗannan gidaje, ya san su. Sau ɗaya kawai ya yi mini maganar.

"Maman yara, kada ki bari a kai ni can."



Shi ne ya fahimtar da ni inda shawarar ta fito. Ya ce akwai wasu cibiyoyi na masana, masu manyan ofisoshi, waɗanda aikinsu shi ne rubuta rahotanni cewa gwamnati ta janye hannunta, a bar kasuwa ta yi halinta, komai zai daidaita. 'Yan siyasa sai su ɗauki rahoton su ce ga abin da masana suka faɗa. Ya ce ya sha ɗaukar irinsu zuwa filin jirgin sama.

"Mutanen kirki ne a bayan mota," in ji shi. "Suna cewa an gode. Sai dai ban taɓa sauke ɗayansu a ƙofar asibitin talakawa ba."

A ƙasan takardar an rubuta cewa wani kwamiti zai zauna ya ji ra'ayin jama'a, duk mai so ya zo, kowa minti biyu. Ya sa na karanta masa wurin sau biyu. Ya ce zai je.

Mako biyu muna gwaji da agogon girki. Kalmomi suna fito masa ɗaya-ɗaya kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Abin da da zai faɗa a numfashi guda, yanzu sai ya cinye rabin minti. Muka yi ta yankewa har abin da ya rage bai fi layi shida ba. Abu guda na roƙe shi.

"Baban yara, ban da gaisuwa. Suna danna agogo ka shiga magana."

Hajiya tana ninke kaya ta ce, "Ka ji dai, Baaba. Gaisuwarka tana da tsawo sosai paa. Daga Kumasi har Tamale ba ta ƙare ba."

"Na ji," ya ce. "Mata biyu a kan mutum mai hannu ɗaya."

Ranar na ɗauki hutu. Muka sa masa farin kaftani da hularsa ta zuwa coci. Motar da ke ɗaukar masu keken guragu ta zo, muka gangara Manhattan, tsakiyar birnin, mu uku. Tun da ya kwanta bai sake ganin wannan hanya ba. Ya dinga nuni da hannun hagu, yana kiran sunayen tituna da gadoji tun kafin mu iso su, har ya gaya wa direban ya koma layin dama domin na hagu yana cushewa a gaba. Direban ya yi dariya, ya bi maganarsa, kuma haka aka yi. Rana tana dukan gilasan benaye, kogi yana walƙiya a gefenmu. Na daɗe a garin nan, amma daga gida sai aiki sai coci. Ran nan na gan shi ta idon mutumin da ya san kowace kwana a cikinsa.

Zauren da kwamitin ke zama ya ba ni tsoro. Rufinsa can sama, ginshiƙai na dutse, ƙasa tana sheƙi har ina jin kunyar takalmina. Ban taɓa sanin irina tana iya shiga irin wannan wuri ba sai in shara ta kawo ta. Amma mai gadi ya riƙe mana ƙofa, ya ce da maigidana "ranka ya daɗe" irin nasu na Turanci. Ciki maƙil yake da mutane: tsofaffi a kekuna, mata masu aiki irin na Hajiya, ana jin harsuna iri-iri. A gaba 'yan kwamiti sun jeru a bayan dogon tebur. Shugabarsu wata dattijuwa ce baƙar fata mai furfura.

Aka fara da masanin da aka gayyato daga ɗaya daga cikin cibiyoyin nan. Matashi ne, bai fi ɗanmu na fari ba, mai ladabi. Shi ba a danna masa agogo ba. Ya haska zane-zane a bango. Ya ce baitulmali yana da iyaka, abin da aka kashe a nan an hana wani wuri. Ya ce in kamfanoni suka yi gasa, farashi zai sauka, aiki ya gyaru. Ya ce iyali sun fi gwamnati sanin abin da ya dace da su, a ba su 'yancin zaɓe, wanda bai gamsu da wani kamfani ba ya koma wani. Ya iya magana, ba zan ɓoye ba. Har na fara jin kamar mu ne muke cin haƙƙin wasu.

Mutane kusan ashirin suka yi magana kafin a zo kanmu. Duk wanda lokacinsa ya cika, ƙararrawa ta buga, a ce na gaba. Na ga an katse wata mata a tsakiyar kuka. Da aka kira shi, na tura kekensa gaba, Hajiya ta sauko masa da abin magana daidai bakinsa. Jajayen lambobin agogo suka fara gudu.

Ya dubi shugabar, ya ce mata barka da rana. Ya tambaye ta ko ta kwana lafiya, da yaya mutanen gida. Ya gaida sauran 'yan kwamitin, dama da hagu. Ya juya da ƙyar ya gaida tsofaffin da ke bayansa. Sannan ya nemi matashin nan da ido, ya ce masa sannu da aiki, yaya gajiya, don ya ga ya daɗe a tsaye. Da Turanci yake yi, amma gaisuwar gida ce sak, a hankali, kowace kalma sai ya yi kokawa da ita. Ina tsaye a bayansa ina kallon lambobin. Na taɓa kafaɗarsa, bai kula ni ba. Yana cewa "To, abin da ya kawo ni," ƙararrawa ta buga.

Hajiya ta ce a hankali, "Innalillahi. Baaba ya kashe mu."

Shugabar ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce tun da take zama a kujerar nan ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta kwana lafiya. Ta ce ta kwana lafiya, ta gode. Sannan ta juya wajen mai kula da agogo ta ce wannan gaisuwa ce, ba jawabi ba, a fara daga farko.

Bai faɗi layukan nan shida da muka shirya ba. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, mahaifinsa hatsi yake sayarwa, a gindin buhuna ya girma, don haka ba wanda zai koya masa son kasuwa. Ya ce a kasuwar garinsu in an yi maka tsada, ka juya baya ka tafi, mai kaya ya kira ka, a daidaita. Ƙarfin mai saye kenan, ba shi da wani. Sai ya ɗora hannun hagu a kan ƙafarsa ta dama.

"Ni ba na iya juya baya in tafi. Mutumin da yake jira a zo a ɗaga shi ya yi fitsari ba ya ciniki. Abin da aka ce masa, shi zai karɓa."

Ya ce ya taɓa jin irin wannan magana a ƙasarmu yana saurayi, lokacin da masana daga waje suka ba da shawarar tsuke bakin aljihu. Su ma sun ce a yi haƙuri, kasuwa za ta gyara. Abin da ya gani da idonsa shi ne asibitin garinsu ya koma gini kawai, likita ya rubuta maka takarda ka fita neman magani a titi. Masu shawarar sun koma ƙasashensu, ba wanda ya dawo ya ga yadda aka ƙare.

Ƙararrawa ta sake bugawa. Shugabar ta ɗaga yatsa ɗaya, mai agogo ya bar shi. Maigidana ya dubi matashin.

"Ɗana, tambaya ɗaya. A wurinmu dillali ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Amma in ka tambaye shi kayan wa yake sayarwa, zai faɗa maka. Su wa ke biyan gidan da kake wa aiki?"

Matashin ya miƙe. Ya ce masu ba su gudummawa mutane ne da ba sa son a bayyana su, kuma wannan ba ya taɓa sakamakon bincikensu.

"To, na gode," in ji maigidana. "Ni dai kowa a nan ya san wanda ke biyan Hajiya."

Aka yi dariya, wasu suka tafa, shugabar ta ce a yi shiru. Na ja kekensa baya. Shekara talatin da ɗoriya ina tare da mutumin nan, ina ce masa ya rage surutu da rediyo, maƙwabta suna ji. Ashe duk shekarun nan a bayan sitiyari yana saurare, yana aunawa, yana ajiyewa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa da hular da ta ɗan karkace, kamar yau na fara ganinsa.

A waje matashin ya same mu muna jiran lif. Ya miƙa hannun dama, ya gane kuskurensa, ya sake miƙa na hagu. Ya ce zai yi tunani a kan abin da ya ji. Maigidana ya ce ya gaida iyayensa. Ƙarfinsa ya ƙare a lokacin, miyau yana zuba a wuyan kaftanin. Hajiya ta goge masa da gefen mayafinta, tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa don ya ƙi cin abinci da safe. A mota barci ya yi har gida.

Wata huɗu muna jira. Da takardar ta zo, an cire awannin Hajiya na ranar Asabar, an bar na Litinin zuwa Juma'a yadda suke. Ban sani ba ko maganarsa ta yi wani tasiri. Mutane da yawa sun yi magana, wasu sun fi shi Turanci, akwai kuma ƙungiyoyin da suka daɗe suna fafutuka. Shawarar ma ba ta mutu ba, har yanzu nakan ji ta a rediyo da sabon suna. Abin da na sani shi ne ba a kai shi gidan tsofaffi ba.

Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a gidansa. Wata Laraba da rana ina wanke manyan tukwane a makaranta, Hajiya ta kira ni ta ce in taho, kada in yi gudu. Na hau bas. Na tarar ta wanke masa fuska, ta gyara masa kwanciya, ta rufe shi da zanen da na fi so. Ta ce ya ci abincinsa, ya ce ta buɗe masa taga, ta je ɗauko ruwa ta dawo ta samu ya cika. Ta matsa mini gefen gadon na zauna. Ita ta koma kujera, muka jira masu zuwa ɗaukarsa.