Agogon Na'ura Ya Yi Ƙarya, Na Zargi Malam

A lokacin ina da shaguna uku na sayar da intanet: ɗaya a bakin tasha a Gusau, ɗaya cikin kasuwar Tsafe, ɗaya a Bungudu. Da tallan cajar waya na fara, ba wanda ya ɗaga ni, shi ya sa nake ganin ba mai iya yi min wayo. Sana'ar ba wuya: mutum ya sayi katin awa ɗaya, ya hau waifai, awa ta cika na'ura ta yanke shi. Shagon Bungudu yana hannun wani malami, aminin marigayi yayana, shekararmu tara tare. Amanar da ke tsakaninmu na yi wasa da ita.

Da na sauya na'urorin waifai a shagunan uku, ƙorafi ya fara zuwa daga Bungudu kaɗai. Wani minti goma a yanke shi, wani ya yini a kan katin awa ɗaya. Na lura abin na faruwa ne bayan azahar da la'asar, daidai lokacin da Malam ke rufe shago ya tafi masallaci. Zuciyata ta raya min cewa kafin ya fita yana taɓa saitin, ya rage wa baƙi, ya ƙara wa mutanensa. Na je har shagon, a gaban jama'a na ce ya mayar da salla labule. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ko lambar sirrin na'urar bai sani ba, ya ajiye min makulli ya tafi.

Na sa wani a wurin, matsalar ba ta fasa ba. Dole na ɗauko wata injiniya daga Gusau. Ta haɗa kwamfutarta da na'urar, ta sa tana rubuta duk lambar da agogon ciki ya bayar. Lambobin na hawa a jere, sai kwatsam wata zabgegiya ta faɗo, ko kuma sifili. Ta canza wayoyin haɗi, ta canza wuta, a banza. Rana ta huɗu ta tambaye ni me ke faruwa a shagon da ƙarfe biyu. Na ce ba komai, ba kowa ma. Ta yi dariya ta ce ai na gama mata aiki. Ta ce idan babu wayar hannu ko ɗaya a kan na'urar, ɓangaren da ke watsa waifai yakan yi barci don tattalin wuta. Ita kuma manhajar da ke tuƙa shi, wadda suke kira direba, sai ta tambaye shi lokaci ba ta tashe shi ba, duk magagin da ya yi ta ɗauka gaskiya ne. Shagon Bungudu na jikin masallaci, kowa na tashi ya shiga sahu. Tasha da kasuwa kuwa ba sa rasa mai latsa waya.

Na kira dilan da ya sayar min. Ko a jikinsa, ya ce ai an san da wannan, gyararriyar manhajar ta daɗe da fitowa, ni ne ban tambaya ba. Ban tambaya ba! Mutum ya san kayansa na da aibi, ya yi shiru, sannan laifin nawa ne? Har yau in na tuna raina na ɓaci. Amma ba dila ne ya buɗe min baki a Bungudu ba.

Na bi Malam gonarsa a Karakkai na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe min, sai dai ya tambaye ni ko zan iya tara mutanen nan na ranar in janye maganata. Na yi ƙoƙari, rabinsu matafiya ne da ban san inda suke ba. Ya ƙi dawowa.

Masu sana'a irin tawa, kada ku yanke wa mutum hukunci da shaidar na'ura sai wanda ya san cikinta ya duba. Gyaran na'urar bai kai minti ashirin ba, kwastomomi duk sun dawo. Malam kuwa, in mun haɗu muna gaisawa, iyakarta ke nan.