Zanen Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu na kusa da Hubbare, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma ɗaga ido ta dube ni a gaban mutane. Haka kunya ta gada, amma ni a ƙuruciyata na ɗauka rashin so ne.

A zamanin da Turawa ba su daɗe da zama Sakkwato ba, wani mutumin Sabon Gari mai zana musu taswira ya gan ni zaune a ƙofar gida. Ya zaro fensir, kafin in gama ɓare gyaɗar hannuna ya fitar da ni a takarda, da faffaɗan kunnuwana, da giɓina, har da tabon goshina. Mahaifina, malami mai tsanani, ya ce surar mai rai ba za ta kwana a gidansa ba.

Bayan isha'i muna kewaye da wutar Kaka, mahaifiyarsa, sai ya iso da takardar zai jefa a wutar. Kaka ta ce a dakata, tatsuniya ta riga kowa zama. Ta ba mu labarin wata mace da kunya ta hana ta kallon ɗanta na fari. Kullum takan aike shi ɗebo ruwa a randa, ta tsaya a bayansa tana kallon fuskarsa cikin ruwan. Ranar da ya yi tafiya ta leƙa randar, ba ta ga kowa ba sai kanta.

Kaka ta zuba wa wuta ido, ba ta dubi mahaifina, ɗanta na fari, ba, ta ce, "Ni ma wani ya taɓa tahiya karatu gabas, randata ba ta riƙe min komi ba. Wagga takarda ta hi randa riƙo."

Sai mahaifina ya ajiye zanen a gefen tabarmar Inna ya fita. Ba ta miƙa hannu ba. Da safe dai babu shi a wurin.

Sai da na tafi makaranta Katsina na dawo, ƙanwata ta gaya mini cewa kowace safiya Inna takan buɗe kwallar kayanta, ta jima tana duba ciki. Na yi aikin gwamnati har na ajiye, an ɗauke ni hotuna da rawani da lambar yabo, amma babu wanda aka kalla irin kallon da aka yi wa wancan yaro mai giɓi.