Mai Safar Hannu Guda

A tashar motar wani ƙauyen bakin teku a yankin Fife, can ƙasar Turawa, Morag mai kifi tana kallon wani dogon dattijo da ba ta sani ba. Rigar sanyinsa ta masu hali ce, amma gwiwar hannun ta sha faci. Safar hannu guda gare shi, a hagu, yadda 'yan golf suke sawa, wato wasan buga ƙaramar ƙwallo da sanda zuwa rami. Ba sai an gaya mata ba, tsohon ɗan wasan golf ne, irin waɗanda aka taɓa yi wa tafi.

Ya tsinko ciyawa ya watsa sama, don ya ga inda iska ta nufa. Sai ya juya sandar da yake dogarawa, ya auna wani ɗan dutse zuwa ramin kwata, tazarar da ko jikanta ba zai kuskure ba. Hannuwan suna rawa. Ya kasa bugawa.

"Baba, za ka shiga, ko sai ka ci kofin?" in ji direban motar da ta tsaya ɗaukar fasinja, yana dariya.

"Yi tafiyarka, ɗana. Tun kafin a haife ka ƙwallon nan take jira na."

Motar ta tafi. Morag, wadda bakinta bai taɓa ƙyale kowa ba, ta yi tsit kamar 'yan kallon golf idan za a buga. Shi kuwa yana nan a sunkuye, yana jiran rawar hannun ta tsaya.