Ƙarfen da Hansai Take Bugawa

Ranar Talata ce, ranar kasuwa. Na tashi da ciwon bayan da na saba, na dama wa yara koko, na ƙulle guntayen alli a leda don na makaranta ya ƙare. Maza sun fara fita da awaki da buhunan gero tun bayan asuba. Kaka ce. An yanke gero, dawa kuwa ta fi mutum tsayi, ta kewaye garin har bayan ajujuwanmu. Kafin hantsi ba wanda ya rage a gari sai mata da tsofaffi da mu 'yan makaranta.

Sunana Rabi. Aji uku nake koyarwa a firamaren garinmu, can arewacin Kano. Na gaji da ba da wannan labari, wallahi na gaji. Amma duk wanda ya ji shi daga bakin wani sai ya ji shi a karkace, shi ya sa nake rubutawa.

Shekarar da ta gabata an kira mu bita a birni. Aka ce makarantar gwamnati ta kowane yaro ce, mai ƙafa da maras ƙafa, mai ji da kurma, ɗan gari da ɗan rugga. Aka ba mu shinkafa da lemo, aka sallame mu. Keken guragu ba a ba mu ba. Wanda zai koya mana maganar kurame ba a turo ba. Ni dai na ɗauki maganar da gaske, na bi gida-gida. Na samo Zulai, wadda shan-inna ya cinye wa ƙafafu. Na samo yaran ruggar da ke bayan fadama. Na samo Hansai.

Hansai kurma ce tun haihuwa, shekararta tara. Ubanta, Malam Idi, cewa ya yi, "Me za ta ji a can, Malama?" Uwarta Ladi kuwa, washegari ita ta riƙo hannun yarinyar har bakin ajina, ta wanke mata kaya, ta yi mata kitso.

A makarantarmu kowane yaro da aikinsa. Wasu shara, wasu ɗebo ruwa, wasu goge allo. Hansai ba wanda ke son a haɗa shi da ita. Sai na roƙi hedimasta, Malam Garba, ya ba ta ƙararrawa. Ƙararrawar tamu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a darbejiyar da ke bayan ginin, ana dukansa da guntun rodi. Malam Garba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kurma da ƙararrawa? Haba Malama!" Amma ya yarda. Hansai ba ta jin ƙarar, a hannunta take jin ƙarfen yana rawa, kuma duk bugu sai ta yi murmushi. Da yake ba a iya kiranta a ce lokaci ya yi, na ajiye mata duwatsu a ƙasa. In inuwar ginin ta janye ta bar dutsen farko, a fita hutun tara. In ta bar na biyu, a koma aji. Ba ta taɓa makara ba. Ko tara ba ta zuwa wasa, sai ta zauna a gindin bishiyar, ta ba filin baya, ta zuba wa inuwa ido. Duk garin ya san wanda ke buga ƙarfen nan. Ladi in ta ji shi tana daka, sai ta ce wa maƙwabta, "Tawa ce."

Ran nan Hansai ta buga fita tara kamar kullum. Yara suka watsu a filin gaba, wajen mai awara. Ina zaune a baranda ina taya Zulai ɓare gyaɗa.

Na fara jin babura daga yamma, wajen turken shanu. Da yawa, kuma ba sa rage gudu. Sai harbi. Da farko ɗaya ɗaya, kamar ana fasa itace. Daga nan ya haɗe. Shanu suka ɗauki kuka. Wata mata ta ƙwalla ihu a cikin gari, wasu suka amsa.

Malam Garba ya fito daga ofis ba hula. "Cikin dawa! Kowa cikin dawa! Kada wanda ya nufi gida!"

Yara suka yi gabas, ta gefen da gonaki suka fi kusa. Na cire hijabina, na ɗora Zulai a baya, na ɗaure ta da shi. Na ga Malam Garba ya nufi ajin 'yan ƙanana yana tura su ta taga. Ban ƙara ganinsa ba ran nan.

Muka kutsa cikin dawa. Ganyen yana yankar fuska. Takalmina ɗaya ya tsaya a kunya, na bar shi. Zulai ta shaƙe min wuya tana ta salati a kunnena. Ina gudu ina kiran sunaye, wanda ya amsa na ce ya biyo ni. Muka yi nisa har muryoyin gari suka dushe, sai harbin kawai. A wani kwari muka tarar da matan unguwar gabas sun kwanta a ƙasa da 'ya'yansu. Muka zube kusa da su.

Ladi na cikinsu, da goyo. Ta rarrafo wajena. Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni.

"Malama, ina Hansai?"

Ban buɗe baki ba ƙarfen ya amsa mata. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Bugun komawa aji. Inuwa ta bar dutse na biyu.

Innalillahi. Bishiyar tana bayan gini, mu kuma ta gaba muka fita. Ba ta ji harbi ba, ba ta ji ihun Malam Garba ba, ba ta ga kowa ba. Tana can ta ba duniya baya tana aikinta.

Ƙananan yara biyu suka miƙe za su koma aji, domin abin da aka koya musu ke nan. "Ku kwanta!" wata tsohuwa ta ce, ta fizgo su.

Ƙarfen ya sake kaɗawa. Ya yi shiru. Ya sake, da ƙarfi fiye da na farko.

Na fara kwance ɗaurin Zulai. Ta riƙe ni da hannu biyu. In na ajiye ta a nan aka biyo mu, ba ta da ƙafar gudu. Ina wannan tunani Ladi ta riga ta kwance nata goyon. Ta miƙa jaririn ga maƙwabciyarta. Mata suka riƙe mata zani. "Ladi, kada ki je! Ladi!" Ta fizge. Dawa ta rufe bayanta.

Muna kwance muna jin ƙarfen. Ba ya tsayawa. Sai muka ji baburan sun taso daga cikin gari sun nufo makaranta. Harbi biyu, kusa. Can kuma ƙarfen ya yi shiru.

Ba mu jira ba. Muka ci gaba da yin gabas, ta cikin gonaki, ba ta hanya ba. Rana ta take. Yara suka daina kuka don ƙishi. Jaririn Ladi ya yi ta tsala ihu, mata suna karɓa-karɓa, wata mai shayarwa ta ba shi nono tana tafe. Muka ji kiran azahar daga wani ƙauye kafin mu ga titi. Bayana ya daina ciwo, ya koma kamar ba nawa ba. Wata motar tumatir ta tsaya, direban ya dube mu bai tambayi komai ba, ya kwashe mu zuwa Dawakin Tofa. A can aka buɗe mana wasu ajujuwa muka zauna. Na gudu daga aji na faɗa aji.

Abin da ya faru a makarantarmu ban gani ba. Malam Garba ne ya faɗa min a asibiti. An harbe shi a cinya, ya ja jiki ya kwanta ƙarƙashin benci, yana gani ta ƙofa da ta wata tsagar bangon baya. Ya ce maharan sun zaci ƙarfen kiran taimako ne, shi ya sa suka juyo. Sun haɗu da Ladi a filin gaba, tana gudu tana ɗaga hannuwa, ba su take ɗaga wa ba, 'yarta take so ta hango ta. A nan ta faɗi. Ɗayansu ya zagaya bayan gini. Abin da ya tarar, yarinya tana dukan ƙarfe, ya daka mata tsawa ba ta waiwayo ba. Ya ƙwace rodin ya jefar, suka tafi da shanu. Ba su taɓa ta ba.

Makarantar ba a sake buɗe ta ba har yanzu. Yaran rugga ba su dawo ba. Mutanen gari suka ce ai da saninsu aka zo, alhali su ma an kore musu shanu ran nan. Ba wanda ya saurare su, suka kwashe bukkokinsu suka tashi. Zulai tana Rijiyar Zaki wajen kawunta. Akwai makaranta, amma da nisa, kuma babu mai goyonta. Malam Idi bai zage ni ba. Na so ma ya zage ni. Gaisuwar ta'aziyyata kawai ya amsa, ya ce, "Sai haƙuri, Malama," ya kau da kai.

Hansai tana wajen kakarta a wani ƙauye kusa da Gezawa. Na je bayan sadakar arba'in. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Da ta gan ni ta tashi da sauri, ta ja ni gefe. Ta zana layi a ƙasa da yatsa, ta ɗora tsakuwa. Ta nuna inuwa ta bar ta. Ta ɗaga hannu ta buga iska sau uku. Sannan ta nuna ni, ta buɗe tafin hannunta. Tambayata take yi. Ita ta buga a kan lokaci, me ya sa ba mu dawo aji ba?

Alamomin da ni da ita muka ƙirƙira ba su da yawa. Akwai ta ruwa, ta littafi, ta zo, ta zauna, ta kin yi daidai. Alamar gudu babu. Ba mu kai nan ba.

Na ɗaga mata ta kin yi daidai. Ta duba fuskata ta daɗe, ba ta yi murmushi ba. Ta koma kan wakenta.

Yara bakwai na ɗauko daga gidajensu a waccan shekarar. Yau ba ko ɗaya a aji.